Max Perutz: Mutumin da Ya Gano Yadda Jini Yake Numfashi

Duk wanda ya zauna ajin Bayoloji a cikinmu ya ji sunan himogulobin, wato sinadarin nan da ya sa jini ya zama ja, wanda kuma yake ɗauko iskar oksijin daga huhu ya rarraba ta ga sassan jiki. A layi biyu ko uku littafi yake gama bayaninsa, a haddace domin jarrabawa, a wuce. Abin da littafin bai faɗa ba shi ne, akwai mutumin da ya shafe shekara 22 kafin ya ga siffar wannan sinadari, ya ƙara wasu 11 kafin ya gane yadda yake aiki. Sunansa Max Perutz. Tarihinsa muka kawo wa 'yan'uwa tsofaffin ɗalibai da malamanmu a wannan fitowa, domin ko da yake a Ingila ya yi aikinsa, amfaninsa ya shigo har cikin gidajenmu. A ɗakin bincikensa aka gano ainihin abin da ke haddasa cutar sikila, wadda Nijeriya ta fi kowace ƙasa a duniya yawan jariran da ake haifa da ita.

Asalinsa da karatunsa

An haifi Max Ferdinand Perutz ranar 19 ga Mayu, 1914, a Biyana, babban birnin ƙasar Ostiriya, 'yan makonni kafin ɓarkewar Yaƙin Duniya na Ɗaya. Iyayensa masu hali ne, dangin uwa da na uba duk masu masaƙu ne. Asalinsu Yahudawa ne, amma a ɗariƙar Katolika aka raine shi. Aka sa shi wata tsohuwar makarantar sakandare mai suna Theresianum, inda 'ya'yan manya suke karatu. Burin iyayensa shi ne ya zama lauya, ya dawo ya riƙe kamfanin gida. Wani malamin makarantar ne ya sauya wannan lissafi. Yadda yake koyar da Kemistiri ya shiga ran yaron, har ya roƙi iyayensa su bar shi ya bi wannan hanya, suka kuwa yarda. Malamanmu sun fi mu sanin irin wannan: sau da yawa malami yakan shuka abin da shi kansa bai san girman da zai yi ba.

A 1932 ya shiga Jami'ar Biyana. A nan ya ji labarin binciken da Gowland Hopkins, masanin sinadaran bitamin, yake yi a Jami'ar Kambirij ta Ingila, sai ya ƙudura can zai tafi. Ya roƙi wani farfesansa, Hermann Mark, wanda zai ziyarci Kambirij, ya nema masa gurbi wurin Hopkins. Mark ya je ya mance da saƙon, amma ya haɗu da wani masani mai suna J. D. Bernal da ke neman ɗalibi. Ta haka mantuwar wani ta kai Perutz fannin da bai san komai a kansa ba, ya kuwa zauna cikinsa har ƙarshen rayuwarsa.

Zuwansa Kambirij

A 1936 ya isa ɗakin bincike na Cavendish a Kambirij, mahaifinsa ke biyan kuɗin karatu. Kafin mu ci gaba, bari mu tuna wa juna abin da ake nema a can. Furotin su ne ma'aikatan jiki: su ke narkar da abinci, su ke motsa tsoka, su ke yaƙi da cuta. Kowane furotin doguwar sarƙa ce ta ƙananan sinadarai da ake kira amino asid, iri 20, a jere kamar duwatsun wuya. Sarƙar kuma ba a miƙe take zama ba, naɗewa take yi, kuma kowane furotin da irin naɗinsa, kamar yadda naɗin rawanin sarki ya bambanta da na malami. A cikin naɗin nan sirrin aikinsa yake. To, a wancan zamani babu mahalukin da ya taɓa ganin naɗin furotin ko da guda, domin ƙanƙantarsa ta wuce abin da madubin likita zai iya nunawa.

Dabarar da ake da ita ita ce ta hasken eksire, irin wanda ake ɗaukar hoton ƙashi da shi a asibiti. Idan sinadari ya zama kiristal, wato ƙwayoyinsa suka jeru reras kamar na gishiri ko sukari, aka haska masa eksire, sai hasken ya tarwatse ya bar ɗige-ɗige a kan fim. Daga inda kowane ɗigo ya faɗa da yawan duhunsa, sai a yi lissafi a koma baya a gano mazaunin kowace ƙwayar zarra. Da wannan dabara Lawrence Bragg da mahaifinsa suka gano tsarin gishiri, suka sami kyautar Nobel a 1915. A 1934 kuma Bernal da ɗalibarsa Dorothy Crowfoot suka nuna cewa kiristal ɗin furotin ma yana ba da ɗige-ɗigen, muddin ba a bar shi ya bushe ba.

A 1937 Perutz ya ziyarci Felix Haurowitz, wani masani a birnin Firag wanda ke auren 'yar'uwarsa, shi ya ba shi shawara ya kama himogulobin. Da ya koma Kambirij, Gilbert Adair ya ba shi kiristal na himogulobin ɗin doki, ya ɗauki hotuna masu kyau ƙwarai. Amma fa gishiri ƙwayar zarra iri biyu ce kacal. Himogulobin kuwa, kamar yadda muka sani yau, sarƙa huɗu ne masu amino asid 574, ƙwayoyin zarra kimanin 10,000. Ga shi babu kwamfuta, da hannu ake lissafi. Manyan masana da yawa suka ɗauka yaron aikin baban giwa ya ɗauko.

Yaƙi ya ci shi

A watan Maris na 1938 Hitila ya haɗe Ostiriya da Jamus. 'Yan Nazi suka ƙwace dukiyar gidansu saboda asalinsu, iyayensa suka gudu, a 1939 suka iso Ingila hannu rabbana. Ɗan da ake aika wa kuɗi ya wayi gari shi ake dubawa. Abin da ya cece shi shi ne zuwan Lawrence Bragg shugabancin Cavendish a 1938. Bragg ya ga hotunan, ya san wuyar aikin, amma ya ga in an dace abin zai yi girma, sai ya samo masa tallafi daga Gidauniyar Rockefeller ta Amurka tun daga Janairun 1939. A 1940 ya sami digirinsa na dakta.

Murna ba ta daɗe ba. A watan Mayu na 1940, da sojojin Jamus suka kutsa yammacin Turai, gwamnatin Birtaniya ta shiga kame 'yan asalin Jamus da Ostiriya, ba ta ware wanda ya gudo daga zaluncin Hitila da mai goyon bayansa ba. Aka tsare Perutz, aka kai shi tsibirin Man, daga nan aka zuba su a jirgin ruwa zuwa Kanada. Wani jirgin da ya riga nasu tashi da irin waɗannan fursunoni, mai suna Arandora Star, Jamusawa sun nutsar da shi, ɗaruruwan mutane suka halaka. A sansanin Kanada Perutz bai zauna zugum ba, ya tattara masu ilimi cikin fursunonin suka buɗe wata 'yar jami'a ta cikin waya. Cikin malamanta akwai Hermann Bondi, wanda ya zama shahararren masanin sararin samaniya, da Klaus Fuchs, wanda a 1950 aka ɗaure shi saboda miƙa wa Tarayyar Sobiyet asirin makamin nukiliya. Abokan aikinsa suka yi ta fafutuka har aka sako shi, ya dawo Kambirij a Janairun 1941. A 1942 ya yi aure, ya kuma sami 'ya mace da ɗa namiji.

Sai ga abin mamaki: gwamnatin da ta tsare shi jiya ta dawo neman taimakonsa. Shi mutum ne mai son hawan duwatsu, kuma a 1938 ya yi bincike kan ƙanƙarar tsaunukan Suwizalan. Wani mai suna Geoffrey Pyke ya kawo shawarar a gina filin saukar jiragen sama na ƙanƙara mai yawo a tekun Atilantika, aka sa wa shirin suna Habakkuk. Aka ba Perutz wani ɗakin sanyi a ƙarƙashin kasuwar nama ta Smithfield a Landan, inda ya yi ta gwada ƙanƙarar da aka cuɗa da dusar katako, mai taurin da harsashi ba ya farfasa ta. Daga baya aka ga tsadar shirin ta fi amfaninsa, aka watsar. Ribar da ya ci ita ce takardar zama ɗan ƙasar Birtaniya a 1943.

Shekarun lalube

Bayan yaƙi wani matashi mai suna John Kendrew ya zo ya haɗu da shi, ya ɗauki mayogulobin, ƙanen himogulobin mai sarƙa ɗaya wanda ke ajiye oksijin a cikin tsoka. A 1947 Bragg ya shawo kan Hukumar Binciken Lafiya ta Birtaniya ta kafa musu sashe na musamman. Ma'aikatan sashen a ranar farko su biyu ne rak. A 1949 Francis Crick ya shigo a matsayin ɗalibi, James Watson kuma a 1951.

Matsalar da ta tare su ita ce wannan. Hasken eksire tafiya yake kamar igiyar ruwa, yana hawa yana sauka. Fim yana nuna ƙarfin kowace igiya, amma ba ya nuna wadda ta riga wata isowa. Misalinsa kamar a gaya maka ƙarfin sautin kowace ganga a cikin taron makaɗa, a ɓoye maka lokacin da kowace take shigowa. Ba yadda za ka gane taken da ake kaɗawa. Rabin bayanin ke nan ya ɓace, kuma in babu shi lissafi ba ya komawa baya.

Perutz ya shafe shekaru yana auna dubban ɗige-ɗige da ido, ya fitar da wani hasashe na siffar himogulobin. A 1951 Crick, ɗalibinsa, ya tashi a gaban jama'a ya nuna hasashen ba daidai ba ne, hanyoyin da ake bi ma ba za su kai ko'ina ba. Wani shugaban da ya kore shi. Perutz ya saurara, ya duba, ya ga gaskiyar yaron, ya ci gaba da riƙe shi. A shekarar nan dai Linus Pauling na Amurka ya buga bayanin yadda sarƙar furotin take murɗewa kamar igiya, abin da Bragg da Kendrew da Perutz suka nema a 1950 suka kuskure. Abin ya yi masa zafi, amma a ranar da ya karanta ya gane cewa in Pauling ya yi daidai, tilas a sami wani ɗigo a wani wuri da ba a taɓa dubawa ba. Ya ɗauko gashin doki guda, ya karkata shi a gaban eksire, sai ga ɗigon. Da hannunsa ya tabbatar da nasarar abokin hamayyarsa, ya kuma buga ta.

Akwai kuma abin da aka zarge shi da shi. A farkon 1953 ya nuna wa Crick da Watson wani rahoto na Hukumar Binciken Lafiya mai ɗauke da ma'aunan da Rosalind Franklin ta samu a Landan, ba tare da ya nemi izininta ba, kuma ma'aunan sun taimaka musu wajen gano siffar sinadarin gado na DNA. A 1969 ya rubuta cewa rahoton ba na sirri ba ne, amma ya yarda cewa ladabi ya so a ce ya tambaya tukuna.

Zaiba ta buɗe ƙofa

A 1953, shekara 16 da fara aikin, ƙofa ta buɗe. Perutz ya ga wata takarda ta wani Ba'amurke, Austin Riggs, da ke nuna cewa ana iya liƙa wa himogulobin sinadarin zaiba ba tare da ya daina aiki ba. Zaiba ƙwayar zarrarta nauyi gare ta, tana tarwatsa eksire fiye da sauran nesa ba kusa ba. Ya yi tunanin in aka liƙa ta a wurare biyu sanannu cikin kowace ƙwayar himogulobin, kiristal ɗin kuma bai sauya tsari ba, to za ta zama kamar turakun da safiyo yake kafawa ya auna sauran fili daga gare su. Wani abokin aikinsa, Vernon Ingram, ya haɗa masa sinadarin. Da ya wanke fim ya kwatanta hoton mai zaiba da marar zaiba, sai ya ga ɗige-ɗigen suna nan a wurarensu, amma duhunsu ya sauya. Daga wannan bambanci ake iya lissafo rabin bayanin nan da ya ɓace. Da wannan dabara aka gano siffar yawancin furotin na farko da aka sani.

Duk da haka sai da aka ƙara shekara shida. Kendrew ne ya riga shi, a 1957 ya fitar da siffar mayogulobin, domin ya fi ƙanƙanta. A watan Satumba na 1959, da taimakon kwamfutar jami'a mai suna EDSAC 2, Perutz ya sami taswirar himogulobin. Ya yanka faya-fayan roba ya ɗora su ɗaya kan ɗaya, siffa ta fito: sarƙa huɗu, biyu iri ɗaya masu amino asid 141 da ake kira alfa, biyu masu 146 da ake kira bita, kowace da naɗi irin na mayogulobin, sun rungumi juna sun zama kamar ƙwallo. A jikin kowace sarƙa akwai aljihu, cikin aljihun akwai wani faifai ja mai ƙwayar ƙarfe guda a tsakiyarsa, nan oksijin take kamawa. Shi ya sa ƙarancin sinadarin ƙarfe a abinci yake jawo ƙarancin jini. A 1962 aka ba Perutz da Kendrew kyautar Nobel ta Kemistiri. A shekarar nan kuma Crick da Watson, tare da Maurice Wilkins, suka karɓi ta fannin likitanci. Mutum huɗu daga sashe guda, sashen da a lokacin nasarar 1959 wata 'yar rumfar wucin-gadi ce mazauninsa.

Yadda jini yake numfashi

Wani da ya sami Nobel sai ya miƙe ƙafa. Shi kuwa a ganinsa tambayar da ta kawo shi tana nan ba a amsa ba. Tun 1904 Christian Bohr na ƙasar Denmak da abokan aikinsa suka lura da wani hali na himogulobin: kama oksijin ta farko wuya gare shi, amma da zarar ta kama sai na bayanta su yi sauƙi, haka nan in ya fara saki, sai sauran su bi. Wannan hali ne ya sa yake cika maƙil a huhu, ya sauke kaya a inda ake bukata. Da riƙewa kawai ya iya, da mutum ya shaƙe alhali jininsa cike da iska. Da shi jini yake ɗaukar oksijin kusan ninki 70 na abin da ruwan jini kaɗai zai iya. An zaci faya-fayan huɗu suna manne da juna ne, shi ya sa suke jin motsin juna. Sai ga taswirar 1959 ta nuna kowanne yana nasa ɓangaren, nesa da ɗan'uwansa. To, yaya labari yake kaiwa daga wannan zuwa wancan?

Da farko ɗalibarsa Hilary Muirhead ta nuna cewa himogulobin marar oksijin da mai oksijin ba siffarsu ɗaya ba: sarƙoƙin bita suna buɗewa in ya sauke, su matso in ya ɗauka. Ashe ƙwayar kanta numfashi take yi. A 1970, bayan an sami taswirar da ke nuna kusan kowace ƙwayar zarra, Perutz ya bayyana sirrin. In babu oksijin, ƙwayar ƙarfen nan tana ɗan turo kai waje daga faifanta. Da oksijin ta kama, sai ƙarfen ya shige tsakiyar faifai. Tafiyar da yake yi ba ta kai kashi ɗaya cikin miliyan goma na milimita ba, amma da yake a ɗaure yake da sarƙa, sai ya ja ta, jan ya tsinke wasu ƙananan maɗaurai da ke riƙe sarƙoƙin huɗu a takure, rabin ƙwayar ya juya a kan ɗaya rabin da kimanin digiri 15, sauran aljihunan su saki jiki. Kamar ɗan ƙaramin makulli ne da ke buɗe ƙyauren gari. Ya kuma nuna yadda tsamin da tsoka mai aiki take fitarwa yake ƙarfafa maɗauran nan, ya tilasta wa himogulobin sauke oksijin daidai inda aka fi gajiya. Masana suka yi ta jayayya da shi fiye da shekara goma, ya yi ta kawo gwaji bayan gwaji. An yi wa bayanin gyare-gyare daga baya, amma ginshiƙinsa yana cikin littattafan da ake koyar da likitoci da su.

Sikila

Nan ne labarin ya iso gida. A 1910 wani likita a Amurka, James Herrick, ya fara bayyana jajayen ƙwayoyin jini masu lanƙwasa kamar lauje. A 1949 Pauling ya nuna cewa himogulobin ɗin masu cutar ne ya bambanta. A 1950 Perutz da Murdoch Mitchison suka nuna cewa wannan himogulobin, in ya rabu da oksijin, daskarewa yake yi a cikin ƙwayar jini. Sa'an nan a 1956 da 1957, a sashen Perutz, Vernon Ingram ya gano ainihin inda gizo ke saƙa: a cikin amino asid 146 na sarƙar bita, guda ɗaya tak, na shida a jeri, shi ne ya sauya, balin ya maye gurbin gulutamik asid. Wannan ne karo na farko da aka nuna cewa sauyin amino asid guda yana iya zama cutar gado.

Da aka san siffar himogulobin sai dalili ya fito fili. Balin ɗin nan a bayan ƙwaya yake, kuma danƙo gare shi. In himogulobin ya sauke oksijin ya koma ɗaya siffar tasa, sai balin ya liƙe a wani gurbi a jikin maƙwabcinsa, wannan ya kama wancan, su zama dogayen zaruruwa masu tauri, su lanƙwasa ƙwayar jini ta toshe ƙananan jijiyoyi. Ciwon ƙashin da ke hana yaro barci ke nan, wanda zazzaɓi ko ƙishirwa ko sanyin hunturu kan tayar. Ƙwayar jini mai lafiya takan yi kwana 120, mai sikila kuwa 10 zuwa 20, shi ya sa jini ba ya isa. A 1968 Perutz da Hermann Lehmann, wanda ya taɓa aiki a Yuganda, suka ɗauki ire-iren himogulobin masu tangarɗa da aka tattaro daga sassan duniya, suka nuna yadda mazaunin kowace tangarɗa yake bayyana alamomin cutarta.

Me ya sa abin ya yi yawa a wajenmu? A 1954 Anthony Allison ya nuna a gabashin Afirka cewa mai rukunin AS ya fi jure zazzaɓin cizon sauro. Binciken da Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Nijeriya suka gudanar a Garki, cikin Jihar Jigawa ta yanzu, daga 1969 zuwa 1976, ya ƙarfafa wannan: masu AS sun fi yawa cikin manya a kan jarirai, jarirai kimanin 2 cikin 100 kuma SS ne, kaɗan ne cikinsu suke wuce ƙuruciya a wancan lokaci. A 2006 hukumar ta ƙiyasta cewa kusan kashi 24 cikin 100 na 'yan Nijeriya suna ɗauke da wannan gado, kuma ana haihuwar jarirai kimanin 150,000 da cutar kowace shekara. Yau akwai maganin haidiroksiyuriya mai rage tashin ciwon, a 2023 kuma Birtaniya da Amurka suka amince da maganin gyaran ƙwayar gado, sai dai tsadarsa ta fi ƙarfin talaka. Abin da ke hannunmu shi ne gwajin jini kafin aure. In AS ya auri AS, kowane ciki yana da kashi ɗaya cikin huɗu na zama SS. Da yawanmu yanzu mu ne masu ba da aure da karɓa, rigakafi kuwa ya fi magani.

Shugabancinsa

A 1962 sashen nan na mutum biyu ya zama babbar cibiyar binciken ƙwayoyin halitta ta Kambirij, Perutz ya shugabance ta har 1979. Ya ƙi a kira shi darakta, ya zaɓi ya zama shugaban kwamiti kawai. Tsarinsa shi ne a ɗauko mai hazaƙa, a ba shi kayan aiki, a ƙyale shi, ko da zai yi shekaru bai fitar da komai ba, domin shi ma haka Bragg ya yi masa. Ya sa aka yi ɗakin cin abinci a saman bene, matarsa ta kula da shi shekaru da dama, inda farfesa da ɗalibi da mai gyaran na'ura suke zama teburi ɗaya suna muhawara. Shi kansa yawancin lokacinsa a bakin teburin gwaji yake, ba a ofis ba. Zuwa 2018 aikin da aka yi a wannan cibiya ya jawo kyautar Nobel har 12. Gwamnati ta so ta ba shi sarautar Sir, ya ƙi, domin kada ta shiga tsakaninsa da matasan da yake aiki da su.

Ƙarshen rayuwarsa

Perutz ba mai ƙoshin lafiya ba ne. Cikinsa ba ya karɓar abincin alkama, ga ciwon baya da kan sa ya halarci taro a tsaye. Amma bayan ya sauka daga shugabanci bai bar ɗakin gwaji ba. Ya binciki yadda magunguna suke kama himogulobin, a 1994 kuma, yana da shekara 80, ya kawo sabon bayani kan yadda furotin yake cuɗewa a ƙwaƙwalwar masu cutar Huntington. Ya rubuta littattafai da maƙaloli domin jama'a, ya tsaya wa 'yan gudun hijira da masanan da ake zalunta, domin ya ɗanɗana. Bayan harin 11 ga Satumba, 2001, ya rubuta wa Firayim Minista Tony Blair yana roƙon kada a mayar da martani da yaƙi.

Ya mutu a Kambirij ranar 6 ga Fabrairu, 2002, sanadin ciwon daji, yana da shekara 87. Takardun bincikensa na ƙarshe bayan mutuwarsa suka fito. A 1971 aka buɗe rumbun ajiye siffofin furotin na duniya da guda bakwai kacal. A 2023 sun haura 200,000, da su ake ƙera magunguna, daga gare su kuma aka koya wa kwamfuta hasashen naɗin furotin, aikin da ya ci kyautar Nobel a 2024. Abin da ya ci wa Perutz shekara 22 yanzu ɗalibi yakan gama shi cikin 'yan makonni, amma a kan hanyar da shi ya share.

Ba shi ne mafi kaifin lissafi a Cavendish ba, ɗalibinsa ma ya taɓa gyara shi a bainar jama'a. Abin da ya fi saura da shi shi ne ya zaɓi tambaya guda mai muhimmanci ya ƙi sakinta, ya karɓi gyara daga na ƙasa da shi, ya kuma buɗe wa na bayansa hanya. Hausawa suka ce mai haƙuri yakan dafa dutse ya sha romonsa. Shi ya dafa, romon kuwa har mu muna sha.